Wasiƙar Soyayyar Da Ta Tsayar Da Ofisoshin Duniya: Labarin Bairos ɗin ILOVEYOU

Ranar Alhamis, 4 ga watan Mayu na shekarar 2000, wani saƙon imel ya fara faɗawa akwatunan mutane a gabashin Asiya. A kansa an rubuta ILOVEYOU da manyan baƙaƙe, wato "ina ƙaunarka". A cikinsa layi ɗaya ne tak da Turanci, yana roƙon a duba wasiƙar soyayyar da aka liƙa a jikin saƙon. Can ƙasa kuma ga wasiƙar, ɗan ƙaramin fayil, yana jiran a danna shi.

Kafin wannan rana ta ƙare, majalisar dokokin Birtaniya ta kashe imel ɗinta. Ma'aikatar tsaron Amurka da hukumar leƙen asirinta ta CIA sun shiga cikin waɗanda abin ya shafa. Kamfanin motoci na Ford shi ma ya rufe nasa imel ɗin. Manyan mutane masu digiri, masu sanye da kwat, suka zauna sun yi jugum a gaban kwamfutocin da suka daina yi musu aiki.

Yara, lokacin da wannan ya faru ba a haife ku ba, wataƙila iyayenku ma suna makaranta. A Najeriya ko layin GSM bai zo ba, sai a 2001. Amma dabarar da aka yi amfani da ita a ranar tana nan da ranta, kuma ba mamaki ta taɓa shigowa wayar gidanku. Shi ya sa na zaɓi wannan labari mu bi shi daki-daki.

Da farko, mene ne bairos?

Kwamfuta ba ta da hankalin kanta. Abin da aka umarce ta kawai take yi, kuma ba ta tambayar dalili. Duk wata manhaja da kuka sani, wasan ƙwallo ne a waya, ko WhatsApp, ko kalkuleta, jerin umarni ne da wani mutum ya zauna ya rubuta: in an danna nan yi kaza, in an danna can nuna kaza.

To, bairos ma manhaja ce. Mutum ne ya rubuta ta, da hannunsa, da niyyar ɓarna. Ba ƙura ke kawo ta ba, ba zafin rana ba, ba kuma don an daɗe ba a goge kwamfutar ba. Ba ta kama ɗan'adam, don haka kada wani ya ji tsoron taɓa wayar da aka ce ta kamu. Abin da ya bambanta ta da sauran manhajoji shi ne, a cikin umarnin da take bai wa kwamfuta akwai wanda ke cewa: kwafe ni, ki kai ni wani wuri.

Masana sun kasa su kashi-kashi. Akwai mai maƙalewa a jikin wani fayil, sai an buɗe fayil ɗin ta tashi. Akwai wadda suke kira tsutsa, mai bin hanyoyin sadarwa ta tsallaka daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Akwai mai sojan gona, ta zo da kamar abu mai amfani alhali ɓarauniya ce. Akwai kuma mai kulle wa mutum fayilolinsa ta ce sai ya biya kuɗin fansa. ILOVEYOU tsutsa ce, amma ta haɗa da sojan gona, kuma tana lalata fayiloli. A bakin jama'a dai duka bairos ne, mu ma haka za mu ci gaba da kiranta.

Abin da ke cikin wasiƙar

Sunan fayil ɗin da aka liƙa shi ne LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Ku dubi sunan nan da kyau, domin rabin yaudarar a nan take.

Kowane fayil a kwamfuta yana da wutsiya, wato 'yan haruffan da ke zuwa bayan ɗigo na ƙarshe. Wutsiyar ce ke gaya wa kwamfuta irin abin da ke ciki da yadda za ta yi da shi. In ta ga .jpg ta san hoto ne, sai ta nuna shi. In ta ga .mp3 ta san sauti ne, sai ta kunna. In ta ga .txt ta san rubutu ne zalla, wanda ba ya iya yin komai sai dai a karanta shi. Amma in ta ga .vbs, wannan jerin umarni ne, kuma aikinta ta fara aiwatar da su nan take.

Fayil ɗin nan wutsiya biyu gare shi. Ta farko, .TXT, ta bogi ce, an saka ta ne don ido. Ta gaskiyar ita ce ta ƙarshe. Sai kuma aka yi rashin sa'a, Windows, babbar manhajar da ke tafiyar da akasarin kwamfutoci, tana da ɗabi'ar ɓoye wutsiyar ƙarshe ta fayilolin da ta sani, wai don kada a rikita masu amfani da ita. Mutum ya duba ya ga suna ya ƙare da TXT, ya ce ai rubutu ne, me zai yi mini? Wasu ma ko da sun ga .vbs ɗin ba su san me take nufi ba. Ya danna sau biyu. Babu wata wasiƙa da ta buɗe. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da aikinsa, bai san an riga an gama da shi ba.

A cikin 'yan daƙiƙoƙin nan bairos ɗin ta yi ayyuka da yawa. Ta fara da neman mazauni: ta kwafi kanta cikin manyan foldodin Windows da sunaye masu kama da na fayilolin kwamfutar na asali, irin su MSKernel32.vbs, yadda ko an gani ba za a yi zargi ba. Ta kuma rubuta sunanta a jerin abubuwan da ke tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Ke nan kashewa da kunnawa ba ya korar ta.

Daga nan ta shiga bin fayiloli. Duk hoton da ta samu mai wutsiyar .jpg, sai ta shafe abin da ke ciki ta zuba kanta a wurin, ta bar sunan hoton ta ƙara masa .vbs a baya. A ce kana da hoto mai suna sallah.jpg. Yanzu ya zama sallah.jpg.vbs, kuma tun da Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe, sunan da ka sani za ka ci gaba da gani. Ka danna don ka ga hotonka, sai ka sake tayar da bairos ɗin da hannunka. Hoton kuwa ya tafi. Fayilolin sauti na .mp3 sun ɗan fi sa'a, ɓoye su take yi ta ajiye kanta a madadinsu, don haka an iya dawo da su. Ba kwamfutar mutum kaɗai take bi ba, har ma'ajiyar fayilolin da ma'aikatan ofis ɗaya ke tarayya a kanta. Mutum ɗaya ya danna, aikin sashe guda ya lalace.

Sai ta sauya shafin farko na Internet Explorer, manhajar da akasarin mutane ke shiga intanet da ita a lokacin, ta mai da shi wani adireshi da zai sauko da wani fayil mai suna WIN-BUGSFIX.exe. Sunan yana nuna kamar gyara ne ga Windows. Aikinsa na gaskiya shi ne tattara kalmomin sirrin da ke kwamfutar ya aika da su wani adireshin imel a ƙasar Filifin.

Aiki na ƙarshe shi ya fi kowanne muni. Ta buɗe Microsoft Outlook, manhajar imel ta ofisoshi, ta shiga littafin adireshin mai kwamfutar, ta aika kanta ga kowane suna da ke ciki, da sunan mai kwamfutar a matsayin wanda ya aiko.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. In baƙo ya buga ƙofar gidanku da dare, ba za ku buɗe ba sai kun kira babba. Amma in kuka ji sallama da muryar kawunku fa? Da gudu za ku zare sakata. Saƙon nan bai zo wa kowa daga baƙo ba. Ya zo daga abokin aiki, daga maigida a ofis, daga 'yar'uwa, daga tsohon abokin makaranta. Wani ya buɗe don zuciyarsa ta buga. Wani ya buɗe don mamaki, me ya sa akantan kamfaninmu zai aiko mini wasiƙar soyayya? Wani ya ɗauka zolaya ce. Shi ya sa ba na ganin wautar waɗanda suka danna. Sun yarda da mutanen da suka saba yarda da su ne, bairos ɗin kuma ta hau kan wannan yardar ta wuce.

Yadda ta game duniya cikin yini guda

Mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. A ce duk wanda ya kamu, mutum goma ne daga cikin abokansa suka danna. Zagayen farko 10. Na biyu 100. Na uku 1,000. A zagaye na shida an kai miliyan ɗaya. Kowane zagaye kuma ba kwana yake ɗauka ba, mintoci ne.

Shekara guda kafin wannan, a watan Maris na 1999, an yi wata bairos mai suna Melissa wadda ita ma ke bin littafin adireshi, amma sunaye 50 na farko kaɗai take aika wa. ILOVEYOU ba ta da wannan iyaka. A babban kamfani, littafin adireshi na iya ɗauke da dubban ma'aikata, kuma kowannensu yana da wannan littafin. Sai saƙonni suka riƙa kai-komo tsakanin mutane ɗaya, har manyan kwamfutocin da ke rarraba imel suka cika suka tsaya cak. Hukumar kula da lafiyar tsoffin sojojin Amurka ita kaɗai ta karɓi saƙon kusan sau miliyan 7.

Bairos ɗin ta bi rana ne daga gabas zuwa yamma. Ta fara da Asiya, ta cika Hon Kon. Da gari ya waye a Turai ma'aikata suka zo suka kunna kwamfuta, ga ta tana jira. Sa'o'i kaɗan bayan haka Amurka ta farka ta tarar da nata rabon. Wurare da yawa ba su ga mafita ba sai su kashe imel ɗin baki ɗaya su share.

An ƙiyasta cewa cikin kwana goma ta shiga kwamfutoci kusan miliyan 45 zuwa 50. Asarar kuma an ce ta kai biliyoyin daloli, wasu na cewa biliyan 5 da wani abu, wasu na kai ta biliyan 10. Ku riƙe cewa waɗannan ƙiyasi ne, kuma yawancin kuɗin na lokacin aikin da aka rasa ne da wahalar gyara. Kwamfutocin da ba Windows ke kansu ba, irin na kamfanin Apple, saƙon ya iso musu amma bai iya yin komai ba, domin ba su jin yaren da aka rubuta umarnin da shi.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin: umarnin bairos ɗin a buɗe yake, duk wanda ya samu fayil ɗin zai iya karantawa ya sauya. Cikin 'yan kwanaki sai ga ire-irenta fiye da ashirin. Da mutane suka ji a rediyo cewa kada a buɗe wasiƙar soyayya, sai wata ta zo da sunan barkwanci. Wata ta zo a matsayin rasit, wai an cire maka kuɗi don kyautar ranar iyaye mata, ka buɗe ka gani. Wata ma, don tsabar rainin hankali, ta zo da sunan gargaɗi daga kamfanin maganin bairos, wai ka buɗe wannan fayil ya kare ka daga ILOVEYOU.

Wa ya rubuta ta?

Neman mai laifin bai yi wuya ba, don ya bar sawu. A layukan farko na umarnin ya rubuta laƙabinsa, spyder, ya rubuta Manila, babban birnin Filifin, ya kuma ƙara wata jimla da gurɓataccen Turanci mai cewa ya tsani zuwa makaranta. Fayil ɗin satar kalmomin sirri kuma an ajiye shi ne a shafukan wani kamfanin intanet na Manila mai suna Sky Internet. Kamfanin ya cire fayil ɗin da wuri, don haka ɓangaren satar bai yi nisa ba. Ya kuma taimaka aka bi layin wayar da aka yi amfani da shi har zuwa wani gida a unguwar Pandacan.

Ranar 8 ga Mayu jami'an hukumar bincike ta ƙasar suka shiga gidan. Zargi ya koma kan wani matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, Onel de Guzman, ɗalibi a kwalejin koyon kwamfuta ta AMA. Da aka je makarantar sai aka gano cewa ya taɓa gabatar da shawarar aikin kammala karatunsa, kuma abin da ya ce zai ƙirƙira shi ne manhajar da za ta kwaso kalmomin sirrin shiga intanet na wasu, don mutane su yi amfani da intanet ba tare da biya ba. Malamansa suka ƙi amincewa, suka ce wannan sata ce. Bai kammala karatun ba.

Don ku gane abin da yake nema, sai kun san yadda intanet take a lokacin. Babu data a waya, babu Wi-Fi a gidaje. Kwamfuta ake haɗawa da layin wayar tarho na gida, ta kira wata lamba, ta yi ta ƙara kafin ta shiga. Ana biyan kuɗi gwargwadon lokacin da mutum ya yi a ciki, kuma da suna da kalmar sirri ake shiga. In ka samu na wani, ka hau intanet shi kuma ya biya.

Ranar 11 ga Mayu de Guzman ya bayyana gaban 'yan jarida da baƙin tabarau, yana kare fuskarsa da ƙyalle, lauyansa na gefe. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne, mai yiwuwa ya saki bairos ɗin bisa kuskure.

Sai kuma aka zo wurin da ya ba duniya mamaki. Filifin ba ta da dokar da ta hana rubuta bairos ko sakin ta. Masu gabatar da ƙara suka lalubo wata doka ta 1998 da aka yi don masu damfara da katin banki, suka ga ba ta dace ba. Amurka ma ba ta iya neman a miƙa mata shi ba, domin yarjejeniyar miƙa mai laifi tana buƙatar abin ya zama laifi a ƙasashen biyu. A watan Yuni na 2000 Shugaba Joseph Estrada ya sa hannu a sabuwar dokar kasuwanci ta intanet, mai lamba 8792, wadda ta haramta kutse da sakin bairos. Amma ba a hukunta mutum da dokar da aka yi bayan ya aikata abu. A watan Agusta aka janye tuhumar. Wanda ya rubuta Melissa kuwa, David Smith, da yake a Amurka yake inda akwai doka, an yanke masa wata 20 a gidan yari.

Kada wani yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya karanta wannan ya ce ashe ana tsira. Wannan giɓin an toshe shi tuni. Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, Nijar ta yi tata a 2019, kuma ƙasashe yanzu suna haɗa kai wajen bin sawu.

Kusan shekara 20 bayan haka, wani ɗan jarida ɗan Birtaniya, Geoff White, ya bi diddigi ya samo de Guzman a Manila, yana gyaran wayoyin hannu a wani ɗan ƙaramin shago. A nan ya amsa cewa shi ya rubuta ta. Ya ce ba shi da kuɗin shiga intanet ne, kuma da farko mutanen Manila kawai yake hari, tun da kalmomin sirrinsu ne za su yi masa amfani, daga baya ya cire wannan iyakar. Ya ce ya tura wa wani a Singafo, ya fita da abokinsa, bai san abin da ke faruwa ba sai da mahaifiyarsa ta gaya masa 'yan sanda na neman wani mai kutse a Manila. Ya ce ya yi nadama.

Ni dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Talauci na iya bayyana dalilin son intanet kyauta, ko da yake wanda za a sace wa kalmar sirri shi ma guminsa ne. Amma me ya haɗa neman intanet da shafe hotunan mutane? Wannan layin umarni ba ya ƙara masa ko minti ɗaya a intanet, kuma da hannunsa ya rubuta shi. A gefe guda kuma, kamfanin Microsoft yana da nasa kason. Shi ya ƙera Windows tana ɓoye wutsiyar fayil, ya bar Outlook tana miƙa littafin adireshi ga duk manhajar da ta nema ba tare da tambayar mai shi ba, alhali Melissa ta riga ta nuna haɗarin shekara guda kafin nan. Bayan ɓarnar ne kamfanin ya fitar da gyara: Outlook ta daina barin a buɗe irin waɗannan fayiloli, kuma in wata manhaja ta nemi shiga littafin adireshi sai an tambayi mai kwamfutar. Ɓoye wutsiyar kuwa har yau haka Windows take zuwa, sai mutum ya shiga ya sauya da kansa.

Jikokinta a wayoyinmu

ILOVEYOU kanta ba za ta iya cutar da ku yau ba, kowace manhajar kariya ta san ta. Dabararta ce ba ta mutu ba.

A 2021 wata bairos mai suna FluBot ta addabi masu wayar Android, musamman a Turai. Saƙon tes ne ke zuwa, wai kana da kaya a hanya, danna nan ka ga inda suke. In ka danna sai a ce ka sauke wata manhaja. Da ta shiga sai ta nemi bayanan banki, ta kwashi lambobin da ke wayar, ta ci gaba da tura saƙon ga wasu. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a a kanta a wannan shekarar, kuma sai a 2022 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗu suka rushe ta. A 2021 ɗin dai, kamfanin maganin bairos na Kaspersky ya gano ɓarauniyar manhaja a ɓoye cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp ɗin nan da matasa ke so saboda ƙarin kwalliya.

A waya, wutsiyar da za ku sa wa ido ita ce .apk. Duk fayil ɗin da ya ƙare da ita manhaja ce, ko da an sa masa suna katin gayyatar biki ko sakamakon jarrabawa. Katin biki hoto ne, ba ya buƙatar a girka shi, ba ya neman izinin karanta saƙonninku. Haka wasannin da abokai ke tura wa juna ta Xender: abokinka ba mugu ba ne, amma shi ma bai san inda fayil ɗin ya fito ba. A sauke manhaja daga Play Store ko App Store. Su ma wani lokaci mugun abu kan sulale ya shiga, amma akwai masu tantancewa, kuma ana cirewa in an gano.

Masu kai filash shagon buga takardu kuma sun san wata. Ka dawo gida ka soka filash ɗinka, sai ka ga foldodinka sun koma wasu gumaka masu 'yar kibiya a gefe. Foldodin na gaskiya suna nan an ɓoye su ne, abin da kake gani tarko ne. Kada a danna, a bari manhajar kariya ta bincike filash ɗin tukuna.

In saƙo ya zo daga wanda kuka sani, amma maganar ba irin tasa ba ce, ko ya zo da wani adireshi da ake cewa a danna, wai ana rabon data kyauta, ko wai ga hotonka a wani bidiyo, to a tambaye shi ta wata hanyar. A kira shi, ko a bari sai an haɗu: "Yaya, kai ka turo mini wannan?" Kada a tambaya a cikin hirar da saƙon ya zo, domin in an sace asusunsa ɓarawon ne zai amsa. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta tes kuwa ba a bai wa kowa, ko da ya ce shi malaminku ne ko shugaban zauren ajinku. Saƙon da ke cewa yi sauri, saura minti biyar, shi ya fi cancanta a ajiye shi sai Baba ko Umma sun gani.

Sauran aikin na manya ne, amma kuna iya tuna musu. In waya ko kwamfuta ta ce tana son sabuntawa, a bar ta ta yi, domin ramukan da aka gano ake toshewa. Windows ta yanzu tana zuwa da manhajar kariyarta, Microsoft Defender, Android kuma tana da Play Protect, kada a kashe su don wani wasa ya ce a kashe. Hotuna da takardu masu muhimmanci a ajiye kwafinsu a wani wuri dabam, ko a filash da ba kullum yake soke ba, ko a ma'ajiyar intanet. A shekarar 2000, waɗanda ke da kwafi sun share kwamfutarsu sun dawo da kayansu. Marasa kwafi da yawa sun rasa hotunansu.

In kuma an riga an danna, kada tsoron faɗa ya sa a yi shiru, don kowane minti bairos ɗin aiki take yi. A kashe data da Wi-Fi nan take, a kai wa babba wayar, a faɗi ainihin abin da aka danna. Shi zai cire manhajar ko ya kai wa mai gyara, ya sauya kalmomin sirri daga wata wayar dabam, ya kira banki in akwai manhajar banki a ciki. Sannan a sanar da 'yan'uwa da abokan da lambobinsu ke wayar cewa duk saƙon da ya zo musu daga wannan layi a ranar, kada su buɗe.